Sulhu Ma Sai An Koya: Kira Ga Mutanen Nima Da Mamobi

A watan Janairun 2022 duk mai waya a Gana ya ga abin da ya faru a bakin babbar kwatar da ta raba Nima da Mamobi. Rana tsaka, matasa ƙungiya biyu suka fito da adduna, ana jin ƙarar bindiga, masu tireda na ta neman mafaka. An ji wa mutane rauni, 'yan sanda suka yi kame, aka kai wasu kotu. Abin da ya fi ciwo shi ne waɗanda suka yi artabun ba baƙin juna ba ne. Hausa ɗaya suke ji, alƙibla ɗaya suke kallo, kuma in aka bi salsala da wuya a rasa auratayya tsakanin gidajensu.

Irin wannan faɗa ba ya saukowa daga sama. Yakan faro daga bashin da aka ƙi biya, ko budurwa, ko wurin ajiye babur, ko baƙar magana a wani bes inda samari ke zaman shan ataya. Maƙwabta suna gani, iyaye mata suna jin ƙishin-ƙishin, limamin layi ma labari ya kai masa. Kowa yana son a zauna lafiya, amma kaɗan ne suka san yadda ake shiga tsakanin fusatattu biyu a fito da su ba tare da ɗaya ya ji an tozarta shi ba. Wannan sani ne, kuma koyonsa ake yi.

Zango ya fi ko'ina bukatarsa. Tun da Malam Amadu Futa da jama'arsa suka sauka a Nima a shekarun 1930, unguwar take karɓar kowa: Bahaushe, Bafulatani, Bazabarme, Kotokoli, Mosi, Wangara, Dagomba, Farafara, ga kuma Kiristoci da ke haya a gida ɗaya da Musulmi, famfo ɗaya, makewayi ɗaya. Albarka ce, amma tana da nauyi, domin duk rigimar da ta tashi a garin wani sai ta biyo shi Akra. In aka yi harbi a Bawku tsakanin Kusasi da Mamprusi, zuciyar wani tana tafasa a Nima. A 2017 an gwabza tsakanin Konkomba da Dagomba a kasuwar Agbogbloshie, har aka rasa rayuka, alhali tsohuwar gabar tasu tana can arewa, tafiyar yini guda a mota. Dattawanmu kuma ba su manta da shekarun 1990 ba, lokacin da saɓanin Tijjaniyya da Ahlussunna ya kai ga fasa kai a garuruwa irin su Wenchi da Kumasi.

To, da wa muke dogaro in wuta ta tashi? Kowa ya san amsa: Babban Limamin Ƙasa, Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu. A Yunin 2012, da aka tone gawar limamin zangon Hohoe, matasa suka afka wa fadar sarkin yankin, Togbega Gabusu, aka sa dokar hana fita, shi ya tashi ya je. A 2016, da rikicin filin maƙabarta ya ɓarke a Tafo ta Kumasi, shi ya je. A farkon 2019, da samari suka far wa cocin wani fasto da ya yi hasashen mutuwarsa, shi ya tsawata musu ya ce a yafe. A Afrilun shekarar kuma ya shiga cocin Katolika na Christ the King ranar Ista, duniya ta yi ta mamaki. Allah ya saka wa Malam da alheri, ya ƙara masa lafiya. Amma an haife shi a 1919. Ba adalci ba ne al'umma guda ta jingina zaman lafiyarta a kafaɗar dattijon da ya haura shekara ɗari. Kuma a lura, ba a kiran Malam sai jini ya riga ya zuba. Rigimar da ke tsakanin gida da gida a lungunan Mamobi ba za ta taɓa isa wurin Malam ba, sai ranar da ta fi ƙarfin kowa.

Akwai darasi a abin da ake kira yaƙin zabo. A farkon 1994 gardama kan cinikin zabo a kasuwar Nakpayili, kusa da Bimbilla, ta kunna yaƙi tsakanin Konkomba a gefe guda da Nanumba, Dagomba da Gonja a ɗaya gefen. Ba zabon ba ne, tsohuwar taƙaddamar ƙasa da sarauta ce. Ƙidayar da aka fi ambata ita ce kimanin mutum 2,000 suka mutu, ƙauyuka fiye da 400 suka ƙone. Soja sun tsayar da harbi, amma ba su iya haɗa zukata ba. Sai ƙungiyoyin agaji da ke rabon kayan taimako suka ga cewa duk rijiyar da suka gina za a sake rushe ta muddin gabar na nan. Suka gayyato masu koyar da sasanci na ƙungiyar Nairobi Peace Initiative, ƙarƙashin Hizkias Assefa, mutumin Habasha, tare da Emmanuel Bombande, ɗan Gana.

Dubi yadda suka yi, domin nan ne ilimin yake. Ba su fara da manyan sarakuna ba. Sun zaga ƙauyuka suna neman mutanen da jama'arsu ke jin maganarsu, waɗanda duk da hasarar da suka yi ba su rufe ido ga gaskiya ba. Su aka kai Kumasi, nesa da fagen fama, tun daga 1995. Kowane ɓangare ya faɗi abin da aka yi masa, ya kuma zauna ya ji abin da nasa suka yi wa wasu, wanda shi ne mafi ɗaci. Bayan kowane zama sai su koma gida su bayyana wa mutanensu, su dawo da amsa, a faɗaɗa da'irar. A haka aka kai ga yarjejeniyar Kumasi a 1996. Bombande ɗin nan, shi da Sam Doe ɗan Laberiya, su suka kafa WANEP a 1998, ƙungiyar gina zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, wadda hedikwatarta ke nan Akra tana horar da mutane har yau.

Abin da ake koyarwa ba sihiri ba ne, kuma da yawansa kakanninmu sun san shi, sai dai mun yi sakaci. Mai sulhu yakan gana da kowane ɓangare shi kaɗai kafin ya haɗa su. Yakan bar mutum ya amayar da cikinsa ba tare da an katse shi ba, sannan ya maimaita masa abin da ya ji, don ya tabbata an fahimce shi. Yakan rarrabe abin da mutum ke nema da baki da abin da ke cin ransa: wanda ya dage sai an biya shi sidi ɗari biyu, sau da yawa ba kuɗin ne damuwarsa ba, zagin uwa ne da aka yi masa a gaban yaransa. Wurin zama ma da lissafinsa, kada ya zama ƙofar gidan ɗaya daga cikinsu. Kuma mai sulhu ba alƙali ba ne. Da zarar ya ce wane ne mai laifi, ya tashi daga tsakiya ya koma gefe.

Nan ne zan yi wa manyanmu magana, da ladabi. Yawancin sulhun da muke yi a zaure na rufe baki ne. A tara mutane, babba ya yi nasiha, a ce wa ƙarami "yi haƙuri, bar wa Allah", a yi musafaha, a shafa fatiha, a watse. Wanda aka cuta bai faɗi nasa ba, don ba a musu da babba. Ya tafi da abinsa a ciki, bayan wata uku sai a ji ya tara abokai. Haƙurin da aka tilasta ajiyar faɗa ne kawai. Haka kuma ba a cika kiran mata ba, alhali mai sayar da wake da shinkafa a bakin layi ta fi sarkin unguwa sanin wane yaro ne ya sayi adda jiya.

Akwai kuma abin da ba na zaure ba ne sam. Dokar Gana ta yarda a sasanta rigimar bashi, haya, gado, iyakar fili da ƙananan laifuka, amma fyaɗe, lalata da ƙaramar yarinya, kisa da fashi da makami ba su cikin abin da ake kashewa a gida. Duk wanda ya zo da goro da ambulan yana cewa a rufa asiri kan yarinyar da aka lalata, ba sulhu ya kawo ba, ya zo ne ya kuɓutar da mai laifi don ya sake yi wa 'yar wani. Wannan maganar ta sashen 'yan sanda na DOVVSU ce, kuma a fara kai yarinyar asibiti.

A yi hattara da masu cin kasuwa da sunan zaman lafiya. Duk shekarar zaɓe sai ƙungiyoyi su tsiro, a yi taron yini ɗaya a otal, a raba riguna da kuɗin mota, a ɗauki hoto a aika wa masu ba da tallafi. Fuskokin da suka je na bara su ne na bana, samarin da ke riƙe da adda kuwa ko labari ba su ji ba. Kafin ku ba da sunanku ko hoton katinku na ɗan ƙasa, ku tambaya: ƙungiyar tana da rajista? Ina ofishinta? Da Hausa za a koyar ko da Turancin da rabin mahalarta ba sa ji? Za su dawo bayan taron? Wanda ya ce ilimin sadaka ne amma ya nemi kuɗin fom da alƙawarin aiki a ƙasar waje, ku kama gabanku. Ɗan siyasar da ke ɗaukar nauyin gasar ƙwallon zaman lafiya da rana, da dare kuma yana ciyar da ƙarti majiya ƙarfi, shi ma a san shi. Bayan harbe-harben zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a ranar 31 ga Janairun 2019, majalisa ta yi doka mai lamba 999 da ta haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa da masu gadin fili da makami. Ɗanka za a ɗaure, ba mai gidan nasa ba.

Ƙofofin gaskiya suna nan. Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa, wadda doka mai lamba 818 ta kafa a 2011, tana da rassa a yankuna, kuma koyar da jama'a na cikin aikinta. Kwamitin masallaci, ƙungiyar mata ko shugabannin bes suna iya rubuta mata takarda su nemi a zo a horar da mutanensu a cikin unguwa. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ tana sasanta mutane kyauta, Hukumar Taimakon Shari'a kuma tana yi wa marasa hali. Malaman makarantun allo da na Islamiyya su ne ya kamata su fara zuwa, tunda yaran da ke cika bes a hannunsu suka tashi.

In kuwa an zauna an daidaita, kada a tsaya ga musafaha. Dokar sasanci ta 2010, mai lamba 798, ta ba wa yarjejeniyar da ɓangarori suka sa wa hannu a gaban mai shiga tsakani ƙarfin da za a iya tilasta cika ta. Don haka a rubuta wa zai biya, nawa ne, yaushe, a karanta wa kowa da harshen da yake ji, shaidu su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa, a kuma sa ranar da za a sake haɗuwa a duba ko an cika.