Yadda Za a Shirya Bikin Aure Ba Tare da Ɓata Muhalli Ba

Titin Bauchi yana ɗaya daga cikin manyan hanyoyin birnin Jos. A kansa tashar motocin Bauchi da Gombe take, a kansa kuma Jami'ar Jos, wadda ta sami cin gashin kanta a 1975, take da ɗaya daga cikin mazaunanta. Unguwannin da ke kewaye da shi, irin su Unguwar Rogo da Unguwar Rimi, cike suke da jama'a, gidaje a manne da juna, lunguna kuwa matsattsu. Da wuya mako ya wuce ba a ɗaura aure a cikinsu ba. Aure abin farin ciki ne, babu mai jayayya da haka. Abin dubawa shi ne abin da taron yakan bari a ƙasa bayan baƙi sun watse.

A zamanin da, akushi da langa da ƙwarya ake zuba abincin biki a ciki, a rufe da faifai, ruwa kuwa a randa yake, ana ɗiba da moɗa. In an gama sai a wanke, kowace maƙwabciya ta zo ta ɗauki kwanonta. Yanzu kuwa kowane baƙo da robarsa ta shinkafa, da cokalin roba, da ruwan leda, da wata ledar ta ɗaukar su duka. A yi lissafi: idan mutum 500 suka halarci walima, kowa ya sha ruwan leda biyu, an sami leda 1,000 ke nan a yini guda, ban da na ranar kamu da sa lalle da yinin biki da kai amarya.

Leda ba ta ruɓewa kamar ganye. Iska takan kwashe ta ta zuba a lambatu, ta haɗu da yashi ta toshe shi. Jos kuwa gari ne na kan tudu mai yawan ruwan sama, daminarsa tana kamawa tun daga Afrilu har Oktoba, ruwan kuma da ƙarfi yake gangarowa daga duwatsu ya nufi rafin Dilimi. In ya tarar da hanyarsa a rufe, sai ya nemi wata ta cikin gidajen mutane. Jama'ar Jos ba su manta da watan Yuli na 2012 ba, sa'ad da aka tafka ruwa har madatsar Lamingo ta tumbatsa, ambaliya ta auka wa Rikkos da Gangare da maƙwabtansu, mutum fiye da talatin suka rasu, gidaje wajen 200 suka rushe ko suka nutse. Ba za a ɗora alhakin wannan masifa a kan sharar biki ba, amma duk magudanar da ta toshe tana rage wa ruwa hanyar wucewa a irin wannan dare. Ko a ranar da ba a yi ambaliya ba, ruwan da ya kwanta a lambatu gidan sauro ne. Mahauta kuma shaida ne a kan irin ƙullin ledar da sukan tarar a tumbin awaki da shanu.

Saboda haka farkon abin da ya kamata iyayen ango da na amarya su daidaita a kai, tun ranar sa rana, shi ne yawan baƙi da yawan kwanakin biki. Wanda bai san adadin bakin da zai ciyar ba, ko dai abinci ya kasa ya ji kunya, ko ya dafa fiye da kima a wayi gari ana zubarwa. Na biyun ya fi yawa, domin tsoron abin faɗa. Sa'an nan a nemi hayar faranti da kofuna daga masu ba da hayar rumfa da kujeru, ko ƙungiyar matan unguwa ta sayi nata ta riƙa bayarwa aro. A tanadi tsabtataccen ruwa a manyan mazubai masu famfo da murfi, a sa mutum biyu su kula da wanke kofuna da sabulu. Inda ruwan leda ya zama dole, to, a ajiye buhu a kowace kusurwar rumfa, a sa yara masu hankali su riƙa tattarawa. Gorar roba da gwangwanin lemo a ware su daban, gama akwai masu saye. Kada a ƙona leda ko farar robar abinci, hayaƙinsu yana cutar da huhu. Gwamnatin Jihar Legas ma ta haramta wannan farar roba tun watan Janairu na 2024.

Batun girki yana da nasa nauyi. Tukunyar biki a kan murhu mai duwatsu uku tana cin itace ba kaɗan ba, alhali mafi yawan zafin a iska yake tashi, bai taɓa gindin tukunya ba. Itacen nan kuwa daga dazuzzukan da ke ta ƙarewa ake saro shi, a ƙasar da haƙar kuza ta riga ta bar wa ramuka da zaizaya. Murhun laka mai kewaye, ko na ƙarfe mai tattalin itace, ko babban murhun gas na haya, kowannensu yana rage ɓarnar, ya kuma sauƙaƙa wa masu tuwo hayaƙi a ido. A rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare, a yi amfani da busasshen itace. Wajen cefane kuwa mutanen Titin Bauchi sun yi dace, ga kasuwar Farin Gada kusa da su, inda tumatir da kabeji da karas da dankalin turawa na gonakin Filato suke sauka. Abincin da ya ragu a raba shi tun da zafinsa ga maƙwabta da mabukata. Ɓawo da guntun ganye a ba masu kiwo.

Taron da aka yi da rana ba ya bukatar janareta sai kaɗan. In an kunna shi, lalle ne a ajiye shi a fili, nesa da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, ta kuma sha hallaka iyali gaba ɗaya suna barci. Haɗarin ya fi tsanani a Jos lokacin hunturu, sa'ad da sanyi kan sa baƙin da suka kwana su rufe ƙofa da taga. Haka kuma ba daidai ba ne a kafa rumfa a tare hanya, balle a gefen titin da manyan motoci ke bi dare da rana. Filin makaranta ko na unguwa ya fi, bayan an nemi izini. 'Yan rakiyar amarya su haɗu a bas biyu ko uku maimakon jerin motoci ashirin.

Sharar bayan biki aikin mai biki ne. Tun 1985 aka shigar da tsabtace gari cikin shirin yaƙi da rashin ɗa'a na Gwamnatin Tarayya, a 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA domin tabbatar da bin dokokin muhalli a ƙasa baki ɗaya. A Jihar Filato hukumar PEPSA ce ke kula da kwashe shara. Ya kamata a sa kuɗin kwasar a cikin lissafin biki kamar yadda ake sa na goro, a kuma ba abokan ango aikin share wurin da yashe lambatun ƙofar gida da sassafe, kafin iska ko ruwa su riga su. Buhunan sharar a kai su inda hukuma ta keɓe, kada a juye su a bakin rafin Dilimi.