Mai Riƙe da Alƙalami a Kantin Magani

A kantunan magani na Amurka akan ce wa dattijo ya tattaro duk maganin da ke gidansa, ya zuba a jaka ɗaya ya kawo. Idan aka zazzage jakar a kan tebur, sai ka ga abin mamaki. Ga warfarin mai tsinka jini, wanda likitan zuciya ya rubuta masa. Ga Advil da ya sayo da kansa saboda ciwon gwiwa, bai san haɗa shi da warfarin na iya jawo zubar jini a ciki ba. Ga Tylenol, ga kuma maganin mura, duka biyun da farasitamol a ciki, yana ta ninka wa hantarsa kaya. Kowane likita ya san abin da ya rubuta, amma babu wanda ya san abin da ke cikin jakar baki ɗaya.

Wannan giɓi ne ya haifar da tsarin bibiyar shan magani, wanda suke taƙaita sunansa da MTM. A ƙarshen shekarun 1990 birnin Asheville na jihar North Carolina ya gwada biyan masana harhaɗa magunguna domin su riƙa zama da ma'aikatansa masu ciwon suga, kuma gwajin ya yi suna. A Disambar 2003 Shugaba George W. Bush ya sa hannu kan dokar da ta ƙara sashen biyan kuɗin magani a inshorar Medicare ta tsofaffi, sashen da ya soma aiki a 2006. Dokar ta wajabta wa kamfanonin inshora su yi wa masu fama da cututtuka da yawa, masu shan magunguna barkatai, wannan hidima. Sau ɗaya a shekara ake zama a bi magungunan mutum ɗaya bayan ɗaya, sannan duk wata uku a sake leƙawa.

Zaman kansa bai cika wuce rabin sa'a ko makamancin haka ba. Abin da ke cin lokaci shi ne rubutu. Dole a fitar da jerin magungunan majiyyaci, kowanne da dalilin shansa da ƙa'idarsa. Dole a rubuta masa matakan da zai bi, cikin harshen da zai gane. Tun 2013 hukumar da ke kula da Medicare ta tsayar da fasali guda na wannan takarda, kuma ana so ta isa hannun majiyyaci cikin kwana 14. Sai saƙon da za a tura wa likita, sai shigar da komai cikin kwamfuta domin inshora ta biya. Ma'aikatan lafiya a can suna da wata magana: aikin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. A wannan harka maganar har aljihu take taɓawa, domin zaman da babu shi a rubuce babu mai biyan kuɗinsa.

A nan mataimakin mai harhaɗa magani ya shigo, wato ma'aikacin da aka fi sani da ƙirga ƙwayoyi da liƙa takarda a jikin kwalba. Shi ke duba jerin sunayen da inshora ta turo, ya buga waya ya tsayar da rana. Kafin ranar ya buɗe tarihin sayen maganin mutum. A ce an ba wata tsohuwa maganin hawan jini na kwana 30, ba ta dawo ba sai bayan kwana 50. Kwana 20 ɗin nan ina suka shiga? Ko tana tsallake sha, ko tana raba ƙwaya biyu don kuɗi sun yi mata yawa, ko jiri yake sa ta ta daina. Mataimakin ba zai yanke hukunci ba. Zai rubuta kwanakin, ya ja layi a ƙarƙashinsu, ya ajiye wa maigidansa.

Iyakar a fili take. Tambayar "me kike sha, sau nawa, tun yaushe?" ta mataimaki ce. Cewa "daina wannan, rage wancan" ta masanin magani ce tare da likita, kuma masanin ne ke duba takardar ya amince da ita kafin ta fita. Sai dai tambayar ma gwaninta ce. Wanda ya ce "kina shan maganinki kullum?" zai ji "ƙwarai kuwa". Wanda ya ce "a makon nan sau nawa kika manta?" shi zai ji gaskiya. Haka kuma sai an tambaya da gangan kafin mutum ya ambaci maganin ɗigawa a ido, ko man shafawa, ko ganyen shayin da abokinsa ya ba shi, domin a wurinsa waɗannan ba magani ba ne. Hukumar PTCB, wadda aka kafa a 1995 don ba wa irin waɗannan ma'aikata shaidar ƙwarewa, har takardar shaida ta musamman take bayarwa kan ɗaukar tarihin magani.

Mu ma muna da waɗannan ma'aikata. Kwalejojin fasahar kiwon lafiya na horar da su, Hukumar Kula da Harkar Magunguna ta Najeriya, PCN, na yi musu rajista, kuma a asibitocin karkara da dama su kaɗai ne a ɗakin magani. Jakar ma muna da ita, baƙar leda ce: maganin asibiti, na kemis, da jiƙon da aka aiko daga ƙauye. Ba mu da Medicare da za ta biya kuɗin zama, amma kati ɗaya mai ɗauke da sunan kowane magani, da awonsa, da ranar da aka fara, bai fi ƙarfin kowa ba. Ranar da aka kawo Baba asibiti cikin dare ba ya iya magana, katin nan ne zai amsa tambayar likita.