Sifa 'Yar Aikatau a Nahawun Ingilishi

A cikin Ingilishi akwai wasu kalmomi waɗanda asalinsu aikatau ne, amma ake sa su aikin sifa. Iri biyu ne: masu ɗafa-ƙeyar -ing, kamar boiling, da masu ɗafa-ƙeyar -ed ko -en, kamar boiled da broken. Wasu kuma ba su bin wannan ƙa'ida, kamar cut da sung, sai dai a haddace su.

Iri na biyu ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin muna da dafaffe da karyayye da tafasasshe. Bambancin kawai shi ne namu yana bin jinsi da adadi, wato dafaffe, dafaffiya, dafaffu, na Ingilishi kuwa sura ɗaya gare shi. Iri na farko shi ne ba mu da takwararsa sosai. Boiled water shi ne tafasasshen ruwa, wanda wataƙila har ya huce. Boiling water kuwa sai mun ce ruwan da yake tafasa. A nan ɗalibai sukan yi tuntuɓe. Wanda ya ce I am bored, shi aka gundura. Wanda ya ce I am boring kuwa, ya shaida da bakinsa cewa shi ne mai gundurar mutane.

Wani abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne sunan aiki ma da -ing yake ƙarewa. A tsohon Ingilishi ba haka abin yake ba: sifar tana ƙarewa da -ende, sunan aiki da -ung ko -ing, daga baya ne suka haɗe.

To amma a ganina babban tarkon yana farkon jimla. A dubi wannan: Walking to the market, the rain soaked me. Ƙa'ida ita ce mai yin aikin da ke cikin walking shi ne aikau na babbar jimla, ke nan an ce ruwan sama ne yake tafiya kasuwa! Hausa ba ta faɗa wa wannan rami, domin in muka ce "Ina tafiya kasuwa sai ruwa ya jiƙa ni", kalmar ina ta riga ta fayyace mai tafiyar. Gyaran shi ne a mai da mai tafiyar aikau: Walking to the market, I was soaked by the rain.