In tankin man inji ya tsage, zafi ke liƙe shi

A kan kogin Kwara, daga Ayoru zuwa Gaya, da kuma tafkin Cadi, jiragen ruwa da yawa inji ke tura su. Wasu injunan suna da ƙaramin tanki na roba wanda ake zuba man inji a ciki. Daga nan man ke gangarawa ya haɗu da fetur, ya tausasa ƙarfen da ke gogayya. Zafin rana da girgizar inji kan sa robar ta bushe ta tsage. Tsagar ƙarama ce a ido, amma in man ya tsiyaye, fistan ya yi zafi ya ƙame. A tsakiyar ruwa, da mutane da kaya, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Abin da mutum ke fara nema shi ne gam. To, a bar kuɗin a aljihu. Galibi ana ƙera tankin da irin robar jarkar mai, kuma gam ba ya kama ta. Yau ya yi kamar ya riƙe, gobe ya ɓamɓare. Wannan roba narkewa take yi a wajen digiri 130, wato sama kaɗan da zafin tafasasshen ruwa. Saboda haka da zafi ake liƙe ta.

Da farko a kwance tankin daga jikin inji. A juye man cikin kwalba, kada a zubar a kogi, domin yana cutar da kifi da masu shan ruwan. A wanke tankin da ruwan ɗumi da omo sau biyu ko ukku, a shanya shi ya bushe sarai. Wankin nan shi ne rabin aikin, domin roba mai maiƙo ba ta haɗuwa da ƴar uwarta.

Sai a duba inda tsagar ta ƙare. A huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshe, don kada ta ci gaba. A kankare bakinta da wuƙa har ta yi kamar ɗan kwari. A yanko sillen roba daga tsohuwar jarka mai tsabta. A duba gindinta: in akwai lamba 2 cikin alama mai kusurwa ukku, ko haruffan HDPE, ita ce ake so. Robar kwalbar ruwan sha ba ta yi.

A ɗumama ƙarfe mai faɗin baki a garwashi, ko a ari ƙarfen dalma na mai gyaran rediyo. A narkar da bakin tsagar da sillen tare, sannu sannu, har su zama abu guda. Nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki: sukan narkar da sillen kaɗai su shafa a sama, sai facin ya tashi. In robar ta yi baƙi tana hayaƙi, ƙarfen ya yi zafi da yawa. A yi aikin a fili, hayaƙin ba ya da kyau ga ƙirji. Tankin fetur kuwa, kada a kusance shi da garwashi ko kaɗan, ko babu komi cikinsa, domin tururin fetur na kama wuta.

Bayan ya huce, a cika shi da ruwa ya kwana bisa busasshiyar takarda. In ba ta jiƙe ba, a zubar da ruwan, a shanya tankin har ɗigo ɗaya bai rage ba, sannan a mayar da shi.

In tsagar tana wurin da tiyo ke shiga, ko a wuyan murfi, faci ba ya daɗewa. A sayi sabo. Kafin a same shi, makaniki na iya gyara injin ya yi aiki da fetur da aka gauraya da mai. Injuna da yawa awonsu mililita 20 na mai ne a kowace lita ta fetur, wato mililita 100 a lita 5. A tambayi makaniki awon da ya dace da injin kafin a zuba.