Asusun Amana da Ajiyar Naƙasassu a Jibiya

Asusun amana dukiya ce da ake keɓewa a hannun amintattu domin amfanin wasu mutane da aka ayyana, kuma ana iya tsara shi ta yadda ko wanda ya kafa shi ba shi da ikon karkatar da ita zuwa wata hidima. A Amurka, dokar ABLE ta shekarar 2014 ta ba jihohi damar gudanar da asusun ajiya na naƙasassu, inda ba a karɓar haraji a kan ribar da aka kashe wajen buƙatun mai naƙasa, kuma dala 100,000 na farko ba sa hana shi karɓar tallafin wata-wata na gwamnatin tarayya.

A arewacin Nijeriya an fi sanin alawus, kamar naira 7,000 da Jigawa ta fara biya a wata a zamanin Sule Lamido, da naira 6,500 na Sakkwato a zamanin Aliyu Wamakko. Taimako ne na gaske, sai dai kuɗi ne na cefane waɗanda tsadar rayuwa ta zaftare darajarsu, kuma ɗorewarsu tana hannun gwamna mai ci.

Jibiya, da ke kan iyaka a Jihar Katsina, ta nuna dalilin da ya sa ajiya ta zama wajibi, domin arzikin garin yana rataye ne da hanyar Maraɗi. An rufe iyakar Nijeriya da Nijar a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris na 2024, ga kuma matsalar 'yan bindiga da ta rage zirga-zirga. Gurgun da ke gyaran takalma ko sayar da ƙananan kaya, da makahon da ke dogaro da sadakar fatake, su ne ke fara jin jiki idan kasuwa ta mutu. Adashi, wanda shi ne bankin talaka, ba ya ceto a irin wannan hali, saboda duk masu zubi suna karyewa ne a lokaci guda.

Tsarin asusun amana bai zama baƙo ba, tunda wakafi, wato dukiyar da ake tsayar da asalinta a ci moriyar amfaninta, shi ne asusun amana na Musulunci. Ya kamata gwamnatin Jihar Katsina ta kafa irin wannan asusu da doka, ta riƙa ƙara wani kaso a kan duk abin da mai naƙasa ya ajiye, sannan ta sanya sarakunan makafi da na guragu cikin amintattu, domin su ne suka san mutanensu gida-gida.