Sacewar Kumburi Ba Warkewa Ba Ce

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare tsakanin ma'aikatan kamfanonin Sharada da Challawa da Bompai a Kano, idan ɗayansu ya kamu da raunin zuciya ya ɗan samu sauƙi: "Ai kumburin ya sace, numfashi ya dawo, Allah Ya ba da lafiya. Maganin me kuma?" Daga nan sai a ajiye ƙwayoyi, a daina komawa asibiti.

Masu wannan magana suna da hujjarsu, kuma ban raina ta ba. Mun saba da zazzaɓin cizon sauro, wanda ake sha wa magani kwana 3 a miƙe. Ga tsadar magani, albashi kuwa ba ya kai ƙarshen wata. Ga ƙwayar fitsarin nan ta Lasix da ke sa mutum safa da marwa zuwa bayi, alhali an tsayar da shi a kan injin roba ko gangar jimar fata, mai kula da aiki yana harararsa. Duk wannan gaskiya ne, amma bai canja halin ciwon ba.

Raunin zuciya shi ne zuciya ta kasa harba jini gwargwadon buƙatar jiki, sai ruwa ya taru a ƙafafu da ciki da huhu, har mutum ya kasa kwanciya sai ya tara matasan kai. Ƙwayar fitsari tana fitar da ruwan, sauran magungunan suna sauke hawan jini, suna rage wa zuciya nauyi. Ke nan sacewar kumburi shaida ce cewa maganin yana aiki. Wace masana'anta ce ke daina zuba wa janareta baƙin mai don ta ji yana tashi lafiya?

An ma gwada abin a Landan, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2019. An samu masu wani nau'in raunin zuciya waɗanda har hoto ya nuna zuciyarsu ta koma daidai, aka janye musu magani sannu a hankali, likitoci na lura da su. Cikin wata 6, kusan 4 cikin kowane 10 ciwon ya dawo musu. To ina ga wanda ya yanke wa kansa magani babu hoto, babu likita?

Abin kuma ya fi shafar mu. Wani bincike na 2012 a ƙasashen Afirka 9, wanda likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka shiga, ya duba marasa lafiya 1,006, ya gano hawan jini ne kan gaba wajen jawo ciwon, kuma matsakaicin shekarunsu 52 ne. Wato magidanta ne masu ciyar da gida, da iyaye mata masu riƙe da shi.

Bayan magani, sauran aikin yana hannun mai ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali guda, kuma dunƙule da garin taliyar mai shayi da kanwar ɗanwake duk suna cikin lissafin. Maganin ciwon jiki da ake saya a kemis bayan tashi daga aiki, irin su diclofenac da ibuprofen, yana riƙe ruwa a jiki, a guje shi. A hau sikeli kowace safiya. Idan nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ko haki ya ƙaru, a garzaya asibiti. Idan ƙwayar fitsari ta ci karo da lokacin aiki, likita zai iya gyara lokacin shanta. Tafiya a ƙasa daidai ƙarfi tana taimakawa, taba kuwa sai a bar ta.

Masu kamfanoni, ku ba ma'aikaci ranar ganin likita ba tare da yanke masa albashi ba, ku sa shi cikin inshorar lafiya kamar yadda dokar tarayya ta 2022 ta wajabta. Kai kuma ɗan'uwa, ka gode wa Allah da sauƙin da ka samu, amma kada ka ajiye ƙwaya ko ɗaya sai da izinin likitanka.