Gargaɗi ga Masu Ɗaga Mota: A Duba Ta Kafin A Sake Hawa Hanya

Jama'a, ku saurara. Wannan magana ta shafi mai mota, ta shafi direban haya, ta shafi fasinjan da ya biya kuɗinsa a tasha bai san abin da aka yi wa ƙafafun motar ba. An ɗaga motarka? An cusa roba a saman shokozoba? An cire sifirin ɗinta an sa na wata mota wanda ya fi tsayi? An ɗaura mata tayar da ta fi tata girma? To kada ka jira ƙarshen wata. Kada ka jira sai ta fara ƙara. Ka kai ta a duba yau.

Mun san dalili. Babu wanda ya ɗaga motarsa don wasa. Motocin da ake shigo mana da su daga Turai da Amurka an ƙera su ne don titi sumul. Mu kuwa ga ramuka, ga zaizayar damina, ga tudun rage gudu da kowace unguwa ke ginawa da siminti yadda ta ga dama. Cikin mota ya daki ƙasa sau ɗaya, kwanon baƙin mai ya tsage, salansa ta ɓalle, sai mutum ya rantse ba za a sake ba. Ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya zaɓo sifirin mai tsayi, bakanike ya ɗaura kafin la'asar. Mota ta miƙe, ta daina kartar ƙasa, hankali ya kwanta. Daga wannan rana haɗarin ya fara, kuma ba ya sallama.

Ka ɗora kwalba da kwano a kan faranti, ka karkata farantin. Wanne zai fara faɗuwa? Haka mota take. Abu biyu ke hana ta kifewa: faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, da kuma kusancin nauyinta da ƙasa. Kai ka ɗaga nauyin sama. Faɗin kuwa yana nan yadda yake, ko yatsa bai ƙaru ba. A cikin gari, kana bin layin motoci a hankali, ba za ka ga komai ba. Amma a hanyar Kano zuwa Zariya fa? Kana gudun kilomita 100 a awa, motarka na cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa guda. Saniya ta faɗo titi. Ɗan acaɓa ya yanko ba sigina. Rami ya bayyana a gabanka bayan babbar mota ta kauce masa. Ka murɗa sitiyari hagu, ka dawo da shi dama. A wannan dawowar mota ke adungure.

Kada wani ya ce ai ɗan kaɗan aka ɗaga. A watan Oktoba na 1997, wata mujallar motoci a ƙasar Suwidin ta gwada sabuwar ƙaramar Mercedes mai suna A-Class. Gwajin shi ne wannan kaucewar ta gaggawa, hagu sannan dama. Gudun bai wuce kimanin kilomita 60 a awa ba, motar ta kife. Sabuwa dal, daga kamfanin da duniya ke yi wa kallon gwani. Me kamfanin ya yi? Ya dakatar da sayar da ita na kusan wata uku. Ya rage mata tsayi, ya ƙara wa ƙafafunta tauri, ya sa mata na'urar ESP mai kama birkin taya ɗaya-ɗaya idan mota ta fara santsi. Ku lura da kyau. Injiniyoyin da suka ƙera motar ƙasa suka yi da ita don su ceci rai. Mu kuma sama muke yi da tamu, ba awo, ba gwaji. Ita wannan na'ura ta ESP ba ta zama dole a Amurka ba sai a motocin 2012, a Tarayyar Turai kuma sai 2014. Golf da Sharan da tsofaffin Corolla da suka cika tashoshinmu sun girmi wannan doka, kuma da yawansu ba su da ita. In irin wannan mota ta tashi kifewa, babu abin da zai riƙe ta.

Kifewa ma ɗaya ce daga cikin masifun. Sauran suna can ƙarƙashi, inda ido ba ya kaiwa.

Kun sha ganin mota a gefen titi ta durƙusa, tayar gaba ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashinta. Boljoin ne ya fita. Wannan ɗan ƙarfe mai kai kamar ƙwallo shi ke riƙe da ƙafar taya, kuma akwai iyakar karkatar da aka ƙera shi ya ɗauka. Da an ɗaga mota, sai ya zauna a karkace dare da rana. Kowane rami yana tura shi ƙarshen iyakarsa. Yana cinyewa a hankali, robarsa na yagewa, ƙura na shiga. Ranar da zai fita ba ya duba ko kana cikin layin unguwa ko kana tsakiyar hanyar Abuja da iyalinka a baya. Wanda nasa ya fita a ƙofar gida ya gode wa Allah. Wanda nasa ya fita a guje fa? Sitiyari ya zama banza a hannunsa.

Shaf ɗin da ke juya tayoyin gaba shi ma haka. Ya karkace fiye da ƙima, robar bakinsa ta tsage, giris ya watse, yashi ya maye gurbinsa. Tiyon birki kuwa an yanka shi daidai tsayin motar na asali. Ka ƙara tsayi, ka bar tiyon yadda yake, to duk lokacin da taya ta faɗa rami ana fizgar sa. Tiyon birki in ya fashe, ka taka feda ta tafi ƙasa. Wayar ABS da ke bin ƙafar taya ita ma tsinkewa take yi. Fitilarta ta kama a gabanka, wani ya ce maka a cire ƙwan kawai. Kada ka yarda.

Sai shokozoba. Aikinta ta riƙe taya a manne da titi. Tana buƙatar wurin shiga da wurin fita. In aka haɗa ta da dogon sifirin, ta riga ta miƙe kusan ƙarshenta tun mota na tsaye. Da ka hau ɗan tudu a guje, babu sauran inda za ta miƙa, sai taya ta bar ƙasa. Tayar da ke sama ba ta birki, ba ta kwana. Kana jin wani dukan ƙarfe "kwas" bayan ka sauko daga tudu? Ita ce ke gaya maka ta kai ƙarshe.

Yanzu ku direbobin haya, da ku masu a-kori-kura. Maganarku ta fi nauyi, domin rayukan da ke hannunku sun fi yawa. Kun ɗaga bayan mota don ta ɗauki lodi ba tare da ta zauna ba. An ƙara ganyen sifirin, an cusa roba, wani ma har walda aka yi masa. Buhunan masara a but, ƙofar baya a buɗe an ɗaure da igiya, jarkoki a keriya, mutum huɗu a kujerar mutum uku. Motar ba ta zauna ba, sai kuka ɗauka ta iya. Ba ta iya ba. Birkinta shi ne na da. Tayoyinta su ne na da. Akwai ɗan allo a jikin ƙofar direba ko a ƙarƙashin bonet da ke nuna iyakar nauyin da za ta ɗauka, kuma babu sifirin da zai canza wannan lamba. A da, zaman da take yi shi ke faɗa muku lodi ya yi yawa. Kun toshe bakin mai gargaɗin.

Ga kuma abin da direbobi da yawa ba su sani ba. Tsofaffin motoci da dama marasa ABS suna da wani bawul kusa da ƙafar baya. Shi ke auna yadda mota ta zauna. In ta zauna, ya san akwai lodi, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. In ta ɗago, ya ɗauka babu kaya, sai ya rage. Kun ga abin da ya faru? Kun ɗaga baya, kun cika ta maƙil, bawul kuma yana ganin wayam take. Birkin baya ya yi sanyi a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Na gaba ya ɗauki aikin duka, ya yi zafi a gangara, ya saki. Wa ya daidaita muku wannan bawul bayan an ɗaga motar? Ku tambayi bakaniken. In ya yi shiru, kun sami amsa.

Babbar taya ma ba mafita ba ce. Tana gogar jikin mota a kwana. Tana rage wa birki ƙarfi. Tana sa agogon gudu ya yi maka ƙarya: tayar da ta fi ta asali da kashi 5 cikin 100, agogo na nuna 100 kai kuwa kana 105.

Alamomin suna nan, ku duba da idonku. Tayar gaba na cinyewa ta gefe guda, ɗayan gefen kamar sabo? Mota na ja gefe in ka sassauta sitiyari? Tana rangaji in babbar mota ta gifta? Tana kwanciya sosai a shataletale? Kana jin "ƙas-ƙas-ƙas" in ka karya kwana? Akwai baƙin giris a cikin rim? Masu zuwa ta gabanka da dare suna ta yi maka fitila domin taka na kashe musu ido? Ɗaya daga cikin waɗannan ta isa. Kada ka ce sai bayan Salla. Kada ka ce sai an dawo daga wannan tafiyar. Wannan tafiyar ita ce abin tsoron.

To me za a yi da ramukan? Tambaya ce ta gaskiya. Da farko, motoci da yawa ba gajeru ba ne, sifirin ɗinsu ne ya gaji bayan shekara ashirin yana ɗauke da nauyi. A sa mata irin nata daidai, mai lambarta, gaba biyu tare ko baya biyu tare, za ka ga ta dawo tsayinta. A ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji ya kare kwanon mai. A rage kaya. A hau tudu a hankali, a karkace. In aikinka na hanyar ƙauye ne kullum, nemi motar da aka ƙera don haka tun daga kamfani. Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 ta yi suna a hanyoyinmu ne domin tsayinta da dogayen ƙafafunta tare aka tsara su da birki da sitiyari da komai. Ba a gareji aka ƙara mata ba. Har yau wasu kamfanoni na fitar da ƙafafu na musamman don ƙasashe masu munanan hanyoyi, ƙarin tsayin kuma ɗan kaɗan ne, sifirin da shokozoba a haɗe suke zuwa, an gwada su. Garin neman gira kada a rasa ido.

Ku bakanikai, ku ji tsoron Allah. Mai mota bai san abin da ke ƙarƙashi ba, ku kuka sani. In ya ce a ɗaga, ku faɗa masa abin da zai biyo baya. Kada ku cusa guntun taya ko katako a tsakanin zoben sifirin. Kada ku yi wa ƙafar mota walda don ƙara tsayi. Kada ku haɗa dama da hagu da sifirin iri biyu. Kuɗin aikin yini ɗaya bai kai ran mutum ba.

Shugabannin tasha da na ƙungiyar direbobi, motar da bayanta ya ɗaga sama kamar za ta tashi tana layinku, kuna ganinta kullum. Ku hana ta lodi sai an duba. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra da na VIO, ku riƙa leƙa ƙarƙashi, takarda kaɗai ba ta nuna boljoin. Fasinja, kai ma kana da ido. Ka ga bayan mota a sama, kaya sun haura rufi, tayoyi sun cinye ta gefe? Sauka. Karɓi kuɗinka ka jira ta gaba. Hajiya, motar da ke kai yaranki makaranta, kin taɓa tambaya ko an ɗaga ta? Tambayi direban yau.

Kai kuma da ka riga ka ɗaga taka, ga abin yi kafin ka sake fita gari. A hau da ita kan rami ko a ɗaga ta da jak har tayoyin su rataya. A duba tiyon birki, in ya miƙe tsam babu sauran sassauci, kada ta motsa daga wurin. A girgiza kowace taya a ji ko boljoin ko tayarod na wasa. A duba robar shaf. A cire duk abin da aka cusa, a mayar da sifirin da shokozoba irin nata, a yi alaimen, a daidaita fitilu da bawul ɗin birkin baya. In babu kuɗin yin duka yau, to ajiye ta. Kada ka ɗauki kowa a ciki, kada ka hau babbar hanya da ita, har sai an gama.